Tirelar ja ko tirelar goyo: yadda za ka zaɓi ɗakin tafi-da-gidanka a Amurka

Duk wanda ya taɓa bin babban titi a Amurka lokacin hutun makaranta, daga Yuni zuwa Agusta, ya san su: fararen ɗakuna masu taya, a-kori-kura na janye da su zuwa bakin tafki ko gindin dutse. A ciki akwai gado, da kicin, da firji, da bayi, har da esi. Galibinsu a garin Elkhart na jihar Indiyana da kewayensa ake ƙera su.

Waɗanda ake ja da mota iri biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne wanda Amurkawa ke kira tirabul tirela. Ana maƙala shi a wani dunƙulen ƙarfe kamar ƙwallo da ke ƙasan bambar baya, don haka ni nake ce masa tirelar ja. Na biyu shi ne fif-wil, wanda goshinsa ke hawa kan bodin a-kori-kura ya zauna kamar ɗa a bayan uwa. Shi kuma tirelar goyo. Wanda ya taɓa tsayawa a Marabar Jos ko Tafa ya ga yadda ake haɗa kan tirela da bodinta, ya riga ya san fif-wil: farantin ƙarfe mai baki a buɗe, da wani guntun ƙarfe mai kauri da ke faɗawa ciki ya kulle. Dabarar ɗaya ce, girma ne kawai ya bambanta. Sunan kuwa daga keken doki na zamanin da aka samo shi, wanda ake sa masa wata ƙafa ta biyar a kwance a kan ƙafafun gaba don ya iya shan kwana.

Ranar da muka fara zuwa kallo ni da uwargida, wata tirelar goyo ce ta tafi da mu. Rufi can sama, falo da kujerun kwanciya, ɗakin barci da ƙofarsa. Dillali ya tambaye ni motar da nake da ita, na faɗa masa, ya ce ai wannan ko dutse ne za ta ja. Saura ƙiris in sa hannu. Da daddare na kira wani yayanmu da ya daɗe yana tuƙin babbar mota a nan, na karanta masa lambobin. Bai ce komai a kan tirelar ba. Cewa ya yi, "Ƙanena, fita ka buɗe ƙofar direba, ka karanta mini takardar nan mai ruwan ɗorawa."

Mataki na farko: takardar jikin ƙofa

Kowace mota tana da lambobi biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai nauyin da za ta iya ja, akwai nauyin da za ta iya ɗauka a gadon bayanta. Na farkon ne ake tallatawa a talabijin, shi ne kuma dillali zai faɗa maka. Na biyun yana rubuce a wata 'yar takarda da aka liƙa a jikin ginshiƙin ƙofar direba, inda ake rubuta yawan iskar taya. Tana cewa nauyin mutane da kaya a haɗe kada ya wuce laba kaza. Laba ɗaya ta yi ƙasa da rabin kilo kaɗan, wato laba 1,000 kilo 454 ke nan. Kada ka dogara da abin da ka gani a intanet game da irin motarka, domin Ford F-150 biyu na iya fitowa shekara ɗaya, launi ɗaya, amma ɗaya ta fi ɗaya ɗaukar kaya da ɗaruruwan laba. Kujerun fata, da rufin gilashi, da manyan tayoyi, duk daga wannan lamba ake cire nauyinsu.

Dalilin da ya sa wannan lamba ta fi ta ja muhimmanci shi ne, tirela ba jan ta kawai ake yi ba, wani kaso na nauyinta yana danne motar. A tirelar ja, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne ke sauka a kan ƙwallon. A tirelar goyo kuwa kashi 15 zuwa 25 ne ke zama a bodin motar, a lissafi mutane kan ɗauki kashi 20.

Mataki na biyu: biro da takarda

Bari mu yi misali. A ce takardar ƙofarka ta ce laba 1,700, wanda ba baƙon abu ba ne a irin su F-150, da Ram 1500, da Silverado 1500, da Toyota Tundra. Kai da maiɗaki da yara uku, a ce laba 600. Kula, da itacen gashi, da akwatin sifana, da kekunan yara, a ce 200. Saura 900. Ƙarfen haɗin kansa, mai sanduna biyu da ke rarraba nauyi, a ce 100. Saura 800. In ka ɗauki kashi 13 cikin ɗari a matsayin abin da zai danne motar, to tirelar ja da nauyinta da kaya bai wuce laba 6,000 ba ita ce daidai kai.

Yanzu gwada tirelar goyo mai laba 10,000, wadda a danginsu ƙarama ce. Kashi 20 ɗinta 2,000 ne. Ƙara farantin da za a ɗaura a bodi, wanda irin na ƙarfe kan haura laba 150. Ka riga ka wuce 1,700 alhali ko direba bai shiga ba. Abin da yayana ya sa na gano ke nan a tsaye a bakin gareji da fitilar waya. Akwai ƙananan tirelolin goyo da ake tallata su da sunan na ƙaramar a-kori-kura ne, amma in ka yi musu wannan lissafi da iyali a ciki, kaɗan ne ke tsallakewa. Maganar gaskiya, tirelar goyo ta babbar a-kori-kura ce, irin F-250 ko Ram 2500 zuwa sama. Manyan kuwa, irin su Keystone Montana ko Grand Design Solitude, waɗanda ke kai laba 16,000 ko fiye, sai F-350 ko Ram 3500, wani lokaci ma mai tayoyi huɗu a baya.

Wurin da ake yawan zamewa shi ne wace lambar tirela za a yi lissafi da ita. Dillali zai nuna maka nauyinta wayam, yadda ta fito daga masana'anta. Babu wanda ke tafiya da ita haka. Galan ɗaya na ruwa laba 8.3 ne, don haka tanki mai galan 50 ya haura laba 400 shi kaɗai. Ga tukwanen gas, ga batir, ga tukwane da buhun shinkafa da barguna. Lambar da za ka nema ita ce GVWR, wato iyakar nauyin tirelar da duk kayanta, tana liƙe a gefen hagu daga gaba. Da ita za ka yi lissafi, ko da kana ganin ba za ka taɓa cika ta ba. Za ka cika ta. Uwargida ma kaɗai ta isa.

Akwai kuma abin da ke yanke hukunci tun kafin a taɓa biro, musamman ga irin gidajenmu: yawan mutane. A-kori-kura mutum biyar take ɗauka, in ta yi yawa shida. Mai yara biyar, ko wanda Hajiya ta zo masa hutu daga gida, sai dai manyan jif irin Suburban ko Expedition, su kuwa ba su da buɗaɗɗen bodi. Magana ta ƙare, tirelar ja ce taka, sai dai in kun yarda ku riƙa tafiya da mota biyu.

Mataki na uku: bodin motar

In lissafi ya ba ka damar goyo, ɗauko tef ka auna bodi. Mai ƙafa 8 ba shi da matsala. Mai ƙafa 6 da rabi, ko 5 da rabi, nan ake kuka: in ka sha kwana sosai, musamman a ribas, kusurwar goshin tirelar kan daki gilashin bayan motar ya tarwatse. Maganinsa faranti mai zamewa baya lokacin kwana. Akwai wanda sai ka sauka ka ja hannu, akwai mai yi da kansa irin PullRite SuperGlide, amma ya fi tsada ya fi nauyi. Sannan a bar tazarar kamar inci 6 tsakanin bakin bodi da ƙasan goshin tirela, in ba haka ba ranar da ka hau tudun shiga gidan mai za ka ji ƙarar da ba za ka manta ba.

Ka kuma san cewa bodin ya tafi. Farantin ya cinye tsakiyarsa. Wanda ke amfani da motarsa wajen sana'a ranakun aiki, ko mai son ɗora babur ko kwalekwale, zai riƙa kwancewa yana ɗaurawa, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Tirelar ja kuwa ta bar maka bodinka, iyaka dai duk abin da ka zuba a ciki yana cin lambar nan ta jikin ƙofa.

Mataki na huɗu: halinsu a hanya

A nan tirelar goyo ta yi zarra, ba na musu. Nauyinta yana zaune ne daidai kan tayoyin bayan mota, ko gaba da su kaɗan, don haka in iska ta buge ta babu inda za ta sami ƙarfin karkata motar. Tirelar ja kuwa a can ƙarshen wutsiya take riƙe, bayan tayoyin da tazara. In babbar mota ta wuce ka da gudu, ko iska ta taso a filayen Wayomin ko yammacin Tekzas, sai ka ji bayan motarka ya fara rawa, tirelar na kaɗa gindi hagu da dama. Karo na farko da ya same ni, hannuna sai da ya jiƙe a kan sitiyari.

Abin yana da magani. Sa kaya masu nauyi a gaban tayoyin tirelar, kada ka tula su a baya, domin tirelar da gabanta ya yi sakayau ita ce mai rawa. Sayi ƙarfen haɗi mai rarraba nauyi da hana kaɗawa, irin su Equal-i-zer ko Blue Ox, a saita shi daidai. Rage gudu. A Kalifoniya ma doka ce, mai jan tirela ba ya wuce mil 55 a awa. In kuma rawar ta fara, kada ka taka birkin mota da ƙarfi, kada ka yi kokawa da sitiyari. Ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, ka matsa ɗan hannun nan na na'urar birkin tirela da ke kusa da gwiwarka. Tirelar ce za ta ja baya ta miƙe. Wannan na'ura dole ce ga iri biyun, wasu motocin da ita suke zuwa, wasu sai an sa.

Ribas kuwa kowacce da halinta. Ta ja tana amsa sitiyari nan take, kuskure kaɗan ta naɗe. Ta goyo tana jinkirin amsawa, sai ka ɗauka ba ta ji ba, sannan ta juyo gaba ɗaya. A kwana kuma tayoyinta kan yanke ta ciki sosai, sai ka buɗe kamar direban tanka. Ko wacce ka saya, nemi filin ajiye motoci da babu kowa, ka jera robobin ruwa ka yi ta gwadawa. Ku kuma yi yarjejeniya da mai tsaya maka a baya tun a gida, domin "zo, zo, zo, tsaya!" ta haddasa rigima a sansani fiye da sauro.

Mataki na biyar: ina za ka?

Mutane kan sayi tirela sannan su nemi inda za su kai ta. Juya abin. Rubuta wurare biyar da kake mafarkin zuwa, ka shiga Recreation.gov ko shafin gandun dajin jihar ka duba tsawon da suke karɓa. Da yawa daga sansanonin gwamnati an shata su ne tun kafin a fara ƙera waɗannan ƙattin. A kwarin Yosemite, tirela ba ta wuce ƙafa 35, kuma wuraren da ke ɗaukar mai wannan tsawo ƙalilan ne. Hanyar Going-to-the-Sun da ke gandun Glacier a Montana ba ta karɓar abin da ya wuce ƙafa 21 a tsakiyarta, sai ka kwance tirela ka bar ta a sansani. Ramin dutsen da ke gandun Zion a Yuta, shi ma yana da iyakar tsayi, abin da ya haura ta ba ya shiga ko kusa. Manyan tirelolin goyo kuwa kan kai ƙafa 13 da ɗoriya, yayin da yawancin na ja ke tsakanin 10 da 11 da wani abu.

Tsayin nan ba abin wasa ba ne. Gabashin Amurka cike yake da tsofaffin gadojin jirgin ƙasa. Akwai wata a Durham ta Karolina ta Arewa da ta yi suna wajen aske rufin motoci, har aka ɗaga ta a 2019, kuma ba ta daina ba. Bayan ka haɗa tirela da mota, hau tsani ka auna daga ƙasa zuwa saman esi, ka rubuta a takarda ka liƙa kusa da sitiyari. Taswirar waya ba ruwanta da tsayinka.

In kuwa niyyarka sansanonin 'yan kasuwa ce irin KOA, masu faɗin fili da wuta da ruwa da bututun bayi a kowane gurbi, ko kuma za ka kafa ta wata uku a Fulorida ko Arizona lokacin sanyi, tsawo ba zai dame ka ba. Wani abin lura ma, da yake goshin ta goyo yana kan mota, in tsawonsu ɗaya da ta ja, jimillar mota da tirela ta fi gajarta da ƙafafu kaɗan.

Mataki na shida: zama a ciki

Kada ka shiga kamar mai kallon gidan amarya. Shiga kamar an yi kwana biyu ana ruwa, yara sun gundura. Kwanta a gadon. Shiga bayin ka rufe ƙofa, ka zauna, ka duba ko akwai inda za a ajiye buta, ko wurin wankan zai yi alwala ba tare da an jiƙa ko'ina ba. Shimfiɗa darduma a falo ka ga ko mutum biyu za su yi sahu. Ka sa dillali ya mayar da ɓangarorin nan masu turowa waje ciki, ka gani ko ana iya kaiwa ga firji da bayi a haka, domin a haka za ka same ta duk lokacin da ka tsaya a hanya.

Ta goyo ta fi sarari, ta fi tsayin rufi, tana da babban rumbun kaya a ƙarƙashin ɗakin barci. Amma tana da matakala uku ko huɗu a ciki, kuma yawanci bayi da gado suna sama. Ga mai ciwon gwiwa, ko dattijuwar da za ta tashi alwalar asuba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta ja daɓenta ɗaya ne daga gaba har baya. In kuna girki irin namu, nemi mai kicin a waje. Miyar kuka da daddawa, ko suyar kifi, in aka yi ta a cikin ɗaki mai ƙafa 25, labule zai riƙe ƙanshin har wata bazarar.

Duba wuta ma. Mai amfiya 30 tana ba da wat 3,600, esi ɗaya ke nan da 'yan tarkace, in an kunna na'urar ɗumama abinci a lokaci guda wuta na iya ɗaukewa. Mai amfiya 50 tana ba da wat 12,000, tana ɗaukar esi biyu. Wanda zai yi Yuli a Tekzas ya san amfanin na biyun.

Mataki na bakwai: kuɗi, lasin, da wurin kwana

Kuɗin tirelar goyo ba kuɗinta kaɗai ba ne, in dai sai ka canja mota. Babbar a-kori-kura mai dizal kan kai kuɗin tirelar ko ta fi, kuma ita za ka riƙa shiga zuwa aiki da masallaci da kasuwa sauran kwanakin shekara, kana neman inda za ka faka ta. Dillalai kuma suna da bashi mai tsawon shekara 15 har 20, wanda ke sa biyan wata ya yi kama da araha. Wanda ke gudun kuɗin ruwa, tsohuwar tirelar ja da zai biya lakadan ta fi masa kwanciyar hankali. Kayan nan darajarsu faɗuwa take tun daga ranar da suka bar filin dillali.

Lasin ya danganta da jiha. A yawancinsu na mota ya wadatar. A Kalifoniya, tirelar ja da ta wuce laba 10,000, ko ta goyo da ta wuce 15,000, tana buƙatar lasin ajin A wanda ba na haya ba. A Tekzas, in jimillar mota da tirela ta wuce 26,000, tirelar kuma ta haura 10,000, haka abin yake. Sannan tambayi ƙungiyar unguwarku ko an yarda a ajiye tirela a ƙofar gida. Da yawa ba su yarda ba, sai ka kama haya, kuma da tsawo ake yanka kuɗin. A jihohin sanyi kuma, kafin ƙanƙara ta sauka dole a zuƙe ruwan bututu a zuba maganin daskarewa mai ruwan hoda.

Mataki na takwas: gwaji kafin ciniki

Ɗauki haya tukuna. A shafukan intanet irin Outdoorsy ko RVshare za ka sami masu ba da tasu na kwana biyu ko uku, wasu ma su kai maka har sansani su kafa. In kana son ganin iri-iri a wuri ɗaya, akwai baje kolin Tampa a watan Janairu da na Hershey a Satumba, amma ka bar katin banki a mota.

In ta hannu za ka saya, kada ka yi cinikin biri a sama. Babban abokin gabar tirela ruwa ne. Shiga ka shaƙi iska, warin rima ba ya ɓuya. Taka daɓe a bakin ƙofa da gefen bayi, in ya yi laushi ka yi sallama. Tsaya a gefe ka kalli bango ta inda rana ke haskawa, in ka ga ya kumbura kamar ƙurji, ruwa ya shiga tsakani. Hau rufi ka duba liƙin da ke kewaye da esi da tagogin sama. Tayoyi kuma kada zanensu ya ruɗe ka, tayar tirela tsufa ke kashe ta tun ba ta suɗe ba. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Bayan ka saya, loda ta kamar ranar tafiya, da iyali da ruwa da komai, ka nufi tashar manyan motoci irin Pilot ko Love's, ka hau sikelin CAT. Kuɗin kaɗan ne. Za a ba ka takarda mai nauyin tayoyin gaba, da na baya, da na tirela, sai ka gwada da abin da ke jikin ƙofa. Mu da muka ƙare da tirelar ja mai ƙafa 26, awon farko ya nuna bayan motar ya ɗan yi nauyi, sai muka kwashe janareta da jarkokin ruwa daga bodi muka mayar kan tayoyin tirelar, muka sake zagayowa.

Wanda kuma ya zaɓi goyo, ga abin da yayana ya ce in faɗa masa. Sauke murfin bodi kafin ka yi ribas. In ƙarfen ya faɗa cikin faranti, sauka da tocila ka leƙa da idonka ka ga bakin ya rufe a wuyansa, babu haske tsakanin faranti da tirela. Ɗaga ƙafafun gaban tirelar kamar inci ɗaya kacal daga ƙasa, riƙe birkinta, ka sa giya ka ɗan ja a hankali. In ba ta kullu ba, a kan ƙafafunta za ta faɗo, ba a kan bodin motarka ba.